Maganin da ke tsallaka iyaka a ƙarƙashin buhun masara

Ranar wata Laraba cikin damanar da ta wuce, muna tsakiyar shirinmu na kiwon lafiya a gidan rediyo, sai wata baiwar Allah ta bugo waya. Ba ta faɗi sunanta ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ta ce ɗanta mai shekara 4 ne ya kwana da masassara, maigidanta kuma ba ya gari, ya tafi kai awaki kasuwa a ƙetare, sai ta goya yaron ta kai wa wani mai tebur a bakin tasha wanda duk unguwa ke kira likita. Ya yi masa allura a ɗuwawu. Masassara ta sauka, amma tun daga wannan rana ƙafar hagu ta ƙi ɗaukar yaron, sai jan ta yake yi. Tambayarta guda ce: "Malam, shan inna ne, ko kuwa iska ce ta taɓa shi?"

Ma'aikacin lafiyar da muka gayyato ya ce mata ta kawo yaron gobe da sassafe, domin duk ƙafar yaro da ta mutu farat ɗaya dole a bincika ko shan inna ne. Amma ya ƙara da cewa akwai wata babbar jijiya da ta ratsa ta ɗuwawu ta gangara har tafin ƙafa, wadda idan wanda bai san wurin ba ya soka allura kusa da ita, musamman allurar kinin, yana iya nakasa yaro har ƙarshen rayuwarsa. Bayan mun rufe shiri ya shaida mana cewa babu damanar da ke wucewa bai ga irin wannan ba.

Wani zai ce to mene ne haɗin wannan da ɗan kasuwa? Haɗin kuwa babba ne. Kwalbar allurar da aka soka wa yaron nan ba fiffike gare ta ba. Wani ne ya saro ta, wani ya ɗora ta a mota, wani ya tura kwalinta ƙarƙashin buhunan masara don kada ƴan duwan su gani, wani kuma ya ba da ɗakin ajiya. Daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, daga Maigatari zuwa Dungas da Magarya, daga Kamba zuwa Gaya, duk mun san yadda kaya ke tafiya, kuma mun san masu tafiyar da su, domin ƴan'uwanmu ne, tare muke cin tuwo. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wannan magana da ku kai tsaye, a wannan fili da muka san kuna karantawa ko ana karanta muku a rumfa.

Waɗanda suka manyanta ba su manta da sanƙarau na shekarar 1995 ba. Fiye da mutum 40,000 suka kamu a Nijar. Jama'a suka yi ta layi cikin rana ana yi musu rigakafi, kowa ya koma gida hankali kwance. Ashe wani kaso na allurar, wanda ya zo a matsayin gudummawa daga maƙwabta da su kansu suka ɗauka mai kyau ce, jabu ne, babu komai na rigakafi a cikinsa. Ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF ne suka lura da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce fiye da mutum 50,000 aka yi wa wannan allurar ta banza, kuma ta danganta mutuwar mutum 2,500 da ita. A lokacin me muka ce? Mun ce kwana ya ƙare. Hakika kowa da ranarsa, wannan babu musu, amma wanda ya cika kwalba da ruwa ya liƙa mata takardar babban kamfani ya san abin da yake yi, kuma saboda kuɗi ya yi. Abin bai tsaya nan ba, don a 2015 da kuma 2019 OMS ta sake yin gargaɗi game da jabun rigakafin sanƙarau da aka samu a cikin wannan ƙasa tamu.

A Nijeriya, a ƙarshen 2008 da farkon 2009, wani ruwan maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84. An haɗa shi da wani sinadari irin wanda ake sawa cikin man birki na mota, shi kuwa ƙoda yake lalatawa, sai uwa ta ga yaro ya daina fitsari, kafin a ankara ya tafi. Irin wannan sinadarin ne ya sake kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022, ta hanyar ruwan maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya, sannan a 2023 aka sake samun sa a Kamaru. Duk waɗannan kwalabe kyawawa ne a ido, da kwali, da hoto, da rubutun Turanci. Uwar da ta saya don ƙaunar ɗanta ta saya.

A 2017 OMS ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, cikin kowane magani 10 guda ɗaya jabu ne ko marar inganci. A 2023 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar da rahoto kan yankinmu na Sahel, inda ya ce abin ya kai tsakanin kashi 19 zuwa 50 cikin 100, kuma a Afirka kudu da Sahara jabun maganin masassarar cizon sauro kaɗai yana da hannu a mutuwar mutanen da suka kai 267,000 a shekara. Mu da ke lissafi da buhu da kwali, bari mu faɗe ta da harshen kasuwa: da a ce an sayar maka da buhu 10 na shinkafa ka tarar biyu ko biyar yashi ne, da ka kai ƙara wurin sarkin kasuwa kafin la'asar.

Sai dai a yi adalci. Mai teburin magani ba daga sama ya faɗo ba, buƙata ce ta haife shi. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kuɗin maganin farmasi ya yi tashin gwauron zabo, talaka ya juya wurin wanda zai sayar masa da ƙwaya biyu a dala goma. Farmasi kwali guda take sayarwa, mai tebur yana ɓarewa. Farmasi ba ta ba da bashi, mai tebur yana jira har ranar kasuwa. Farmasi tana cikin birni, shi kuwa yana kan keke har rugar Fulani. Bugu da ƙari yana gaishe ka, yana tambayar iyali, alhali a wasu gidajen likita sai ka yini a benci kafin a dube ka, in an dube ka ma da tsawa. Ko maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da gwamnati ta ce kyauta ne tun 2006, sau nawa uwa ke zuwa a ce mata ya ƙare, a rubuta mata takarda ta je ta saya? Da aka rufe iyakoki a 2023 kayan da ke biyowa ta tashar ruwan Kwatano suka tsaya, wasu magunguna suka yi wuya a farmasi, nan ma mai tebur ne ya ci kasuwa. Duk wanda ya ce zai kawar da teburin magani da kulki kaɗai, bai gyara waɗannan ba, to yana zuba ruwa a kwando ne.

Amma fahimtar dalili daban, yarda da ɓarna daban. Kuma ɓarnar ba a jabu kaɗai take ba. Wannan shi ne abin da mafi yawanmu ba mu gane ba, har da masu sana'ar da ke rantsuwa cewa kayansu na gaske ne, kuma mai yiwuwa gaskiya suke faɗi.

Ku ɗauki kwalin magani ku ba ɗan makaranta ya karanta muku gefensa. Akasari za ku ji an ce a ajiye shi inda zafi bai wuce digiri 25 ko 30 ba. To a watan Afrilu, a Maraɗi ko Damagaram, zafi yana haura 40 a inuwa. Ina ga cikin rumfar kwano, ina ga bayan mota da ta kwana biyu a kan iyaka ana jiran a daidaita da ma'aikata, ina ga faranti a kan yaro mai talla? Maganin da ya fito daga kamfani lafiya lau yana iya isa hannun mai saye ƙarfinsa ya ragu. Wasu ma, kamar allurar ciwon suga da allurar da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da jini, sai cikin sanyi suke zama. Idan ungozoma ta yi wa mace allurar da rana ta riga ta kashe, jini ya ƙi tsayawa, wa za a tuhuma? Ungozoma ta yi aikinta. Wanda ya bar kwalin a rana yana can yana ƙirga riba, bai ma san an yi ba.

Sai kuma maganin da yake na gaske, bai lalace ba, amma aka sha shi ba bisa ƙa'ida ba. Nan ne muka fi yi wa kanmu illa. Ɗan dako ya gaji, ya je a yi masa "haɗi": fara ɗaya, ja ɗaya, kafso mai ruwan ɗorawa, da wata ƙarama da ko mai sayarwa bai san sunanta ba. Sau da yawa biyu daga ciki aikinsu ɗaya ne, maganin ciwon jiki ne masu cin ciki, kuma in an daɗe ana sha suna taɓa ƙoda. Ya kora da shayi, cikinsa babu komai. Bayan shekara biyu ya fara aman jini, a ce sammu ne daga abokin gaba. Ƴan mata na shan sha-ka-fashe don su yi ƙiba kafin biki, ba su san kumburi ne ba, kuma yana iya jawo hawan jini da ciwon suga. Tiramol da likita ke bayarwa mai lamba 50 ne ko 100, shi ma da takarda, amma wanda ke yawo a tashoshinmu 200 ne ko 225, kuma mun ga yaran mota suna faɗuwa suna shure-shure kamar masu farfaɗiya. Direban da ya sha shi don kada barci ya ɗauke shi, kayanku da ranku ya ɗauko.

Maganin masassara na zamani kuwa, irin su Coartem, sau 6 ake shan sa cikin kwana 3. Mutum ya sha na kwana ɗaya, jiki ya yi sauƙi, ya ajiye sauran don wani karon ko ya ba maƙwabci. Ƙwayar cutar ba ta mutu ba, ta dai suma. Mun ga yadda kulorokin, wanda a da ƙwaya kaɗan ke tayar da majinyaci, ya daina aiki har hukuma ta canza shi. In muka kashe wannan ma da hannunmu, me za mu ba yara? Kuma ba kowane zafin jiki ne cizon sauro ba. Awon jini na ɗan yatsa minti 15 ne zuwa 20, bai kai lokacin da muke ɓatawa wajen cinikin tunkiya guda ba.

Akwai wani haɗari da ya keɓanta da mu mutanen bakin iyaka, wanda ba mu taɓa jin wani babban likita ya yi magana a kansa a rediyo ba. Mu masu likita biyu ne. Alhaji ya ji ba daɗi a Katsina ko Sakkwato, a rubuta masa magani da Ingilishi. Ya dawo gida bai warke ba, ya je gidan likita a nan, a rubuta masa wani da Faransanci. Bai nuna takardar farko ba, ko don ya manta, ko don yana jin nauyin kada likita ya ce ya raina shi. Sai ya haɗa duka yana sha. Ga misali mai sauƙi: Panadol na can, da Doliprane da Efferalgan na nan, duk abu guda ne, farasitamol. Babban mutum bai kamata ya wuce ƙwaya 8 masu lamba 500 a yini ba, in ya wuce hanta ce ke biya. Yawancin magungunan mura ma akwai shi a ciki. Haka abin yake ga maganin hawan jini: suna biyu, kwali biyu, magani ɗaya, mutum ya ninka, ya tashi tsaye jiri ya kwashe shi a tsakiyar kasuwa. Maganin wannan bai buƙatar ko dala: a zuba duk kwalayen da ake sha cikin leda guda, tare da karnen likita na nan da katin asibiti na can, a ajiye gaban duk likitan da aka je wurinsa. Ɗan kasuwar da ba ya tafiya ba da takardun motarsa na ƙasa biyu ba, bai kamata ya bar na jikinsa a gida ba.

Kada kuma a ɗauka muna cewa da zarar an shiga gidan likita an tsira. A'a. OMS da kanta ta ce a duniya kusan majinyaci 1 cikin 10 yana cutuwa a wurin da ya je neman lafiya, kuma fiye da rabin wannan cutuwa abin da za a iya kaucewa ne. Saboda haka ne ma a 2019 aka ware ranar 17 ga Satumba ta kowace shekara don tunawa da kare majinyaci. Ma'aikaci guda, mutum 80 a layi, babu ruwan wanke hannu, wuta ta ɗauke, dole wata rana a yi kuskure. Ga mu da sunaye iri ɗaya: a ɗaki guda sai a sami Hadiza uku, biyu sunan mahaifinsu ɗaya. A kira suna, wadda ta fi kusa ta amsa, a ba ta maganin wata.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne kunyarmu. Mutumin da zai yi awa guda yana jayayya kan dala biyar a farashin canji, wanda ba ya karɓar atamfa sai ya murza ta ya duba bakinta, shi ne zai zauna gaban ma'aikacin lafiya kamar an ɗaure masa baki, a ce "kwanta", ya kwanta, a ce "juya", ya juya. Tambaya ba raini ba ce. Wane ciwo ne gare ni? Mene ne sunan wannan magani? Sau nawa zan sha, har kwana nawa, kafin abinci ko bayansa? Me zan gani in dawo da gaggawa? In takardar da Faransanci take, a ce a maimaita da Hausa, ko a zana alama a jikin kwali, safe da rana da dare. In allura ce, a buɗe sabon sirinji a gabanka, kana gani, domin ciwon hanta mai sa shawara da cutar sida duk suna bi ta allurar da aka maimaita. Wannan ya shafi askar wanzami ma, ranar suna ko ranar kaciya, reza sabuwa ba ta kai kuɗin goron da za a raba ba. In mace tana da ciki, ko wani magani ya taɓa sa maka ƙaiƙayi da kumburi, a faɗa tun kafin a tambaya. Ma'aikacin kirki yana murna da mai tambaya. Wanda ya fusata kuwa, akwai majo a samansa, akwai kwamitin kula da gidan likita wanda mutanen gari ne a ciki.

Mu ma ƴan rediyo ba za mu wanke hannunmu ba. Sau nawa muka karɓi jaka biyar muka ba wani minti 30 yana shelar cewa garinsa guda yana maganin basir da ciwon suga da rashin haihuwa da hawan jini? Muna gama shirin likita, sai mu saka shi, da murya ɗaya, a tasha ɗaya. Mai saurare a ƙauye ya ce ai rediyo ta faɗa. Gidajenmu ƙanana ne, da kuɗin talla da gaishe-gaishe muke sayen man injin wuta, wannan gaskiya ce. Amma mun san mutanen da suka ajiye maganin hawan jininsu saboda irin wannan talla, daga baya ɓarin jikinsu ya shanye. A wurinmu dai mun kai maganar gaban kwamitin tasha, an yi ta ja-in-ja, kuma har yanzu ba kowa ya yarda ba.

Hukumomi suna da nasu. A 2017 Benin ta rushe ɓangaren magani na kasuwar Dantokpa a Kwatano. A Janairun 2020 Nijar tana cikin ƙasashe 7 da suka hallara a Lome suka ɗauki alkawarin tsananta hukunci kan masu safarar jabun magani. A 2024 hukumomin Nijeriya sun rufe shagunan magani na Sabon Gari a Kano suka ce dillalai su koma sabuwar cibiya a Dangwauro, inda za a riƙa sa ido. Muna da ɗakin bincike na LANSPEX a Yamai da ke iya auna magani. Duk wannan madalla. Amma iyakar Nijar da Nijeriya ta kai kusan kilomita 1,500, kuma kowa ya san hanyoyin babur sun fi shingayen duwan yawa. Ba a taɓa samun jandarman da za su tsare ta duka ba.

Waɗanda ke iya tsare ta su ne ku. Sandikar ƴan kasuwa da ta direbobi suna da ƙarfin da in suka ce ba a lodi yau, ko tsinke ba ya motsi. Sarkin tasha ya san kowane kwali da ke hawa mota. Abin da muke roƙo ba mai yawa ba ne. Direba ya tambayi abin da ke cikin kwali kafin ya ɗora, in magani ne ya nemi takardar izini, in babu ya ce a nemi wata mota. Masu ɗakunan ajiya su daina ba da haya ga wanda ba a san inda yake saro magani ba. Shugabannin kasuwa su hana yin allura da ƙarin ruwa a rumfa da bakin tasha, ko da ba su iya hana sayar da ƙwaya yau ba, domin wannan ita ce ta fi saurin nakasawa. Kuma attajiranmu da ke gina gidajen mai uku a titi ɗaya, me zai hana ɗaya ya haɗa kai da mai ilimin haɗa magunguna a buɗe ɗakin sayar da magani mai izini kusa da kasuwa, mai firiji, mai araha, inda za a yi wa mutum bayani da Hausa? Riba tana ciki, tunda ga masu tebur nan suna ci da ita.

Mun san akwai wanda zai karanta wannan ya ce muna so mu toshe wa bayin Allah hanyar abinci. Yawancin masu tallar nan samari ne da ba su sami wani aiki ba, wasu ma almajiran jiya ne. Ba mu ce a kama su a kulle ba. Wanda ya ba su jari, shi ne ya san cewa da kuɗin kwalin tiramol guda zai iya ɗora yaro kan sayar da batir, ko takalma, ko kayan waya.

Bayan mako biyu matar nan ta sake bugo mana waya. An auna, ba shan inna ba ne. An tura su babban asibitin jiha ana motsa wa yaron ƙafa sau biyu a mako, kuɗin mota kaɗai ya cinye awaki biyu daga cikin waɗanda maigidan bai kai ga sayarwa ba, kuma likita bai yi musu alkawarin ƙafar za ta koma daidai ba. Muka tambaye ta mai teburin fa? Ta ce yana nan inda yake, har ya zo dubiya da ledar lemu, kuma maigidanta ya ce a bar maganar tunda maƙwabci ne.